A Buɗe Wa 'Yan Kasuwar Gaya Ƙofar Ɗakin Karatu

Akwai wata 'yar kasuwa da muka sani a nan Gaya, wadda ta shekara fiye da ashirin tana saro garin rogo da manja daga Malanbil tana sayarwa. Idan ka ce mata buhu goma sha bakwai a kan jika kaza, a cire kuɗin dako da na mota, kafin yaron da ke riƙe da waya ya gama danne-dannensa ta riga ta faɗa maka ribar da za ta rage mata. To amma wannan baiwar Allah, ranar da wani abokin cinikinta da take bi bashi ya kawo takarda ya ce ta dangwala hannu a matsayin shaida, dangwalawa kawai ta yi, domin ta yarda da shi, kuma tana jin nauyin ta ce ya dakata ta nemo mai karanta mata. Sai da lokacin biya ya zo sannan ta gane cewa abin da aka rubuta bai kai rabin abin da aka yi magana a kansa da baki ba. An je gaban manya, an yi rantse-rantse, amma ga takarda, ga kuma shatin yatsarta a ƙasa. Haka ta haƙura ta bar wa Allah.

Babu layin da za ka shiga a kasuwarmu ka rasa mai irin wannan labari. Wani rasit ne aka ba shi wanda ba na kayansa ba, wata kuma saƙon kuɗi na ƙarya aka nuna mata a waya ta saki kaya, wani kuwa ya biya haraji sau biyu saboda bai san takardar da ke aljihunsa ita ce shaidar ya riga ya biya ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan wani wuri da yawancinmu ba mu taɓa ɗauka namu ba ne, wato ɗakin karatu na jama'a, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira laburare. Ra'ayinmu shi ne, a gari irin Gaya, ɗakin karatun da bai tanadi komai domin manya ba, musamman 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, bai yi rabin aikinsa ba. Kuma mu ɗin da abin ya shafa mu ne ya kamata mu fara neman a gyara, mu kuma sa hannu a aljihu.

Duk wanda ya san Gaya ya san Allah Ya ajiye mu a wani wuri na daban. Ga Kogin Kwara a gabanmu, ga gadar da ta haɗa mu da Malanbil ta ƙasar Benin tun kafin samun mulkin kai, ga kuma Kamba ta Jihar Kebbi a Najeriya nan kusa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa mutanen ƙaramar hukumar Gaya sun haura dubu 60, kuma da wuya ka sami gidan da ba ya cin abinci ta hanyar iyaka, ko kai tsaye ko ta wani ɗan'uwa. Daga mai dilar gwanjo zuwa mai rake, da mai kifi, da mai muruci, da matan da ke kawo gishirin Foga, da ɗan canji, da ɗan dako, da mai tuwo-tuwo a bakin tasha, kowa ya dogara da shige da fice. Muna ciniki da sefa da naira. Muna magana da Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, wasunmu har da ɗan Yarbanci. Sai dai duk wannan ƙwarewa a baki take da kuma ka. Da zarar magana ta koma takarda, sai ta koma Faransanci ta ɓangaren Nijar da Benin, ta koma Ingilishi ta ɓangaren Najeriya, sai gwanin kasuwa ya zama kamar baƙo a garinsu, yana neman wanda zai yi masa jagora.

Ƙididdigar da hukumar UNESCO ke bayarwa ta nuna cewa a Nijar manya masu iya karatu da rubutu ba su kai huɗu cikin goma ba, a wajen mata kuwa kimanin uku ne cikin goma. Lokacin da abubuwa ke tafiya daidai, ana iya rufe wannan giɓi da amana da sanayya, tunda ka san mai yi maka takardun duwan, ka san direbanka, ka san wanda ke karɓar kayanka a Kwatano. Amma shekarun nan sun koya mana cewa abubuwa ba sa zama daidai na dogon lokaci.

Dattawa daga cikinmu ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. A ƙarshen 2022 aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adi, aka ƙara wa'adin, daga baya Kotun Ƙoli ta Najeriya ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Mutum nawa ne a nan suka rabu da tsofaffin kuɗinsu a wulaƙance saboda jita-jita, alhali da sun iya bin labarin da kansu da sun riƙe abinsu? A farkon 2023 jika ɗaya ba ta kai naira 1,500 ba, amma a cikin 2024 ta haura naira 2,000, kuma duk wanda ya ba da bashi da naira ba tare da an rubuta ranar biya ba ya ji a jikinsa. Sai kuma babbar, wato bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi aka rufe gada, manyan motoci suka yi jerin gwano a ƙetaren kogi kaya na ruɓewa, jama'a suka koma kwale-kwale, manyan 'yan kasuwa kuma suka karkata zuwa tashar ruwan Lome ta hanyar Burkina Faso.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta an fitar da sababbin dokoki, da sababbin takardu, da sabon farashi. Wanda ya iya karantawa ya san gaskiyar magana da wuri ya gyara tafiyarsa, wanda bai iya ba sai ya jira a gaya masa, kuma mai gaya masan sau da yawa yana da nasa amfanin a ciki. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Mu a bakin iyaka mun ga wannan duhu da kuɗinmu.

To ina ɗakin karatu ya shigo cikin wannan magana? Idan ka leƙa irin waɗannan wurare a garuruwanmu, ko na gidajen matasa da al'adu ne ko wasunsu, waɗanda za ka tarar 'yan lakwal ne masu shirin jarrabawa, sai ɗan malami ɗaya ko biyu. Littattafan kusan duk na Faransanci ne. Ana buɗewa lokacin da kasuwa ke ci, a rufe lokacin da ɗan kasuwa ke samun sarari. Macen da ba ta yi lakwal ba ko a mafarki ba za ta ce bari ta shiga ba, domin ba ta ga wata irinta a ciki ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mata ta zo. Ba mu ga laifin ma'aikatan ba, tunda da yawansu aiki suke yi da ɗan abin da ya samu. Ba kuma muna cewa a kori yara ba ne, ai 'ya'yanmu ne. Abin da muke cewa shi ne gini ɗaya zai iya ɗaukar yaro da safe ya ɗauki uwarsa da la'asar.

Wannan ma ba sabon tunani ba ne. A 1986 ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara kafa wasu ƙananan cibiyoyi a garuruwan karkara da ake kira CLAC, kuma a ƙasar Benin, maƙwabciyarmu, aka fara, kafin abin ya yaɗu zuwa wasu ƙasashe har da Nijar. Ma'anar sunan ita ce wurin karatu da raya al'adu. Tsarin shi ne gari ya ba da gini da masu kula, ƙungiyar kuma ta kawo littattafai da jaridu da kayan wasanni da na'urorin nuna fim da na sauti, domin wurin ya zama dandalin taro da muhawara da wayar da kai ga kowa da kowa. Ke nan tun asali an san cewa jera littattafai a kanta ba ya isa a garin da yawancin manya ba su yi boko ba. Dole sai an haɗa da abin da zai kawo mutane, su zauna, su ji, su tambaya.

Idan da za a tambaye mu abin da ya kamata a riƙa yi a wurin, na farko shi ne ajin karatu da lissafi na manya, amma wanda aka gina a kan takardun kasuwa. Dattijo mai iyali ba zai jure a zaunar da shi wata uku yana rera baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya ba. A kawo masa rasit na gaske, da tikitin kasuwa, da takardar patanti, da takardar awon kaya, a fara da su. Alal misali, mu da dala muke ƙirga, takarda kuma da tamma take rubutawa. Abin da muke kira dala ashirin, 100 za ka gani a rubuce. Dala ɗari ita ce 500, jika biyu da rabi kuma 2.500. Wannan ninki biyar da ke tsakanin baki da takarda shi ne ramin farko da ake faɗawa, kuma malamin da ya san kasuwa zai iya cike shi cikin 'yan makonni. Haka nan masu Faransanci ɗigo suke sawa ko su bar fili wajen raba dubbai, masu Ingilishi kuma waƙafi suke sawa. Ƙaramin abu ne, amma wanda ke karɓar takardu daga Kamba da Malanbil a rana ɗaya yana bukatar ya sani. A koya wa mai shago duba ranar lalacewar madara da tumatirin gwangwani da magani kafin ya saro, a koya wa mai sayar da maganin feshi da taki karanta abin da ke jikin kwalba, domin nan kam har rai ana iya rasawa.

Sannan a koya wa kowa riƙe littafin bashi, suna da kwanan wata da adadi da ranar biya da shaidu. Duk wanda ke ganin wannan baƙon abu ne, to ya tambayi malamansa. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Zumunci nawa ne ya lalace a garin nan, shari'a nawa aka kai gaban sarki ko alƙali, saboda an bar wannan umarni an dogara da "ai mun san juna"?

Na biyu, a ware rana ɗaya a wata ta bayanin takardu. A gayyato jami'in duwan wannan wata, na haraji wata mai zuwa, sai mai kula da takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa, sai ma'aikacin banki ko na asusun ajiya, sai ma'aikaciyar lafiya. Kowa ya zo da takardun ofishinsa ya ɗaga su sama, ya yi bayani da Hausa da Dandanci: wannan ita ce kaza, kuɗinta kaza ne, ga inda ake biya, ga rasit ɗin da ya kamata a ba ka. A ba jama'a dama su yi tambaya. Bayan an tashi a manna bayanin a bango da manyan baƙaƙe, ya zauna nan kowa ya gani. A ofis mutum yana tsoron tambaya kada a ce ya cika surutu a riƙe masa kaya, a bakin hanya kuma ba a tsayawa dogon bayani. Ɗakin karatu wuri ne da ba na mai karɓa ba, ba kuma na mai biya ba, don haka kowa zai iya sakin jiki. Ma'aikacin kirki ma zai ji daɗin haka, domin zai rage masa zargin da ake yi musu a dunƙule.

Na uku ita ce waya. Yau kusan kowa na da ita, kuma saƙon murya na WhatsApp ya taimaki wanda bai iya rubutu ba ƙwarai da gaske. Amma saƙon shigar kuɗi da fitarsu a rubuce yake zuwa. Mata nawa ne suka ba yaron maƙwabta lambar sirrinsu saboda ba za su iya dannawa da kansu ba? Mutum nawa aka kira aka ce sun ci kyauta, su turo lambar da ta shigo musu? Zama huɗu ko biyar ya isa a nuna wa mutum yadda zai gane saƙon gaskiya da na bogi, da yadda zai duba abin da ya rage masa, da yadda zai adana lambobin abokan ciniki da sunayensu. Matasanmu da suka gama makaranta suke zaune babu aiki za su iya wannan koyarwa, a riƙa ba su ɗan abin sabulu.

Na huɗu, kada a mai da wurin makaranta zalla. Mutum ya wuni a rana yana fama da masu taya kaya, yana bukatar abin da zai sanyaya masa rai. A riƙa karanta littafi a bayyane, mutum ɗaya na karantawa saura na saurare, a tsaya a yi muhawara. A kira dattawa su ba da tarihin Dandi da na Kabi, da yadda fatake ke ratsawa ta wannan yanki zuwa Gwanja neman goro, a ɗauki muryarsu a ajiye. Ƙasar nan ta san irin wannan tun 1962, lokacin da aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, inda manya ke taruwa su ji shiri su tattauna a aika da ra'ayinsu gidan rediyo. Littattafan ma ba sai an jira jirgi daga Turai ba. Kano da Zariya cike suke da littattafan Hausa masu araha, a Yamai kuma akwai masu buga littattafai da harsunan ƙasa irin su Gashingo. Motocin da ke kawo mana atamfa da robobi ba za su gaza ɗauko kwali biyu na littattafai ba.

Yanzu bari mu juyo ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, domin ku ne kuka fi yawa a ƙananan sana'o'i, ku ne kuma aka fi bari a baya. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, mata suna zuba ɗan abin da suka samu kowane mako a akwati suna ranta wa juna. Wannan dubara ta matan Nijar ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Da ka aka fara riƙe lissafin, kowace mace tana shaidar ta kusa da ita, kuma ya yi aiki. Amma da zarar asusu ya girma, ko ƙungiya ta so buɗe ajiya a banki ko karɓar rance, sai a ce ina mai rubutu. Sau da yawa sai an ɗauko wani daga waje, wanda ba kuɗinsa a ciki, shi ne zai san sirrin kowa. Me zai hana kowace ƙungiyar adashi ko asusu ta zaɓi mata biyu ta tura su aji, ta ɗauke musu zubin wata ɗaya a matsayin tallafi?

Sai dai kafin mata su zo, dole a shirya wurin yadda zai karɓe su. A ba su ranakunsu su kaɗai, da malama mace, bayan la'asar a ranakun da kasuwa ba ta ci sosai, a tashi kafin magariba. A shimfiɗa tabarma a gefe domin masu goyo, a ajiye randar ruwa, a gyara makewayi. Maza kuma a ba su bayan isha'i, da fitila mai aiki da hasken rana. A sassauta lokacin shuka da girbi da watan azumi. Ga magidanta masu jin nauyin barin iyali su fita neman ilimi, muna tuna musu da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ita ce ta tsara 'yan taru, tana naɗa jajis mata suna bin ƙauyuka suna karantar da matan aure da tsofaffi. Abin da 'yar Shehu ta yi fiye da shekara 150 da suka wuce ba zai zama abin kunya ga matan Gaya a yau ba.

Mun san abin da wasu za su ce. Za a ce an girma, ƙwaƙwalwa ta bushe. To gemu ba ya hana ilimi, kuma wanda ke riƙe bashin mutum talatin a kansa ba za a ce ƙwaƙwalwarsa ta bushe ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, ta hanyar ajin manya ta koma karatu, ta zama marubuciyar da aka fassara littafinta Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi a 2012. Jihar Kano ɗin ma ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Bayan haka, da yawanmu mun yi makarantar allo, muna iya rubuta suna da adadi da ajami. Wanda ya san cewa alama a kan allo tana ɗauke da sauti ya riga ya yi rabin tafiya, kuma malami mai hankali daga nan zai ɗora. Littafin bashin da aka rubuta da ajami littafi ne cikakke.

Za a ce ga Alhaji wane da Alhaji wane, ba su taɓa shiga aji ba, ga su da manyan motoci da rumbunan kaya. Gaskiya ne, Allah Ya ƙara musu. Amma ku duba da kyau, kowannensu yana da magatakarda da yake biya albashi, kuma 'ya'yansa suna manyan makarantu a Yamai ko Kwatano ko Sakkwato, domin shi ya fi kowa sanin abin da rashin karatu ya ja masa. Mai tebur ɗaya ko mai tiya goma ta shinkafa ba ta da halin ɗaukar magatakarda, ita ce magatakardar kanta. Za a kuma ce ana fama da tsadar abinci da matsalar tsaro, wa ke ta littafi? Amsarmu ita ce lokacin da riba ta yi ƙaranci shi ne lokacin da asarar jika biyar ke iya karya jari. Awa huɗu a mako ba za su hana kowa neman abinci ba.

Saura maganar wa zai biya. A nan ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya. Shekara da shekaru irin waɗannan ayyuka sun dogara da taimakon waje, idan masu aikin suka naɗe tabarmarsu sai a kulle ƙofa, ƙura da gara su gaji littattafan. A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ita ce ta kawo tsarin CLAC. A cikin wannan wata ne kuma sabon kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai, amma abu ɗaya a fili yake: wanda ya ce zai tsaya da ƙafarsa, to ya shirya ɗaukar kayansa. Ɗaga darajar harshe a takarda ba zai amfani mai sayar da kifi ba sai ranar da ta ga rasit da sanarwa da harshen da take ji, kuma ta iya karanta su. A Gaya kuwa adalci shi ne a tafi da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci tare, kowa ya fara da harshen da ya tashi da shi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa, da na ƙungiyoyin mata, da na direbobi da 'yan canji, su zauna su yanke wani ɗan abu. Idan mutum dubu suka riƙa ba da dala ashirin-ashirin kowane mako, an sami jika ɗari, a wata kuma jika ɗari huɗu. Wannan zai biya malamai, ya sayi alli da littattafan rubutu da fitilu, har a riƙa ƙaro sababbin littattafai. Ma'aikatar magajin gari, wadda ke karɓar tikitinmu kowace ranar kasuwa, ta ba da ɗaki da benci da mai gadi. Ma'aikatar yaƙi da jahilci, wadda ke aiki a ƙasar nan tun farkon shekarun 1960, ta ba da horo da tsarin darasi. Sarakuna da limamai su sa albarka su yi shela, gidajen rediyonmu kuma su riƙa sanar da ranakun zama. Alhazan da Allah Ya buɗa wa su tuna cewa ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa.

Amma muna da sharaɗi. Tunda kuɗinmu ne, to a kwamitin da zai kula da wurin a sa 'yan kasuwa, maza da mata, su yi daidai da ma'aikata ko su fi su yawa. Kowane wata a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a manna a ƙofa, da lambobi manya-manya. Kada a bari wurin ya zama na wata jam'iyya ko na wani ɓangaren addini ko na wata ƙabila. Kuma kada a jira sai an yi sabon gini an yanka kyalle. Idan ɗakin da ke akwai ya yi nisa da kasuwa, a ɗauko akwatin littattafai da allo a kawo rumfa ɗaya a cikin kasuwar, a fara da mutum ashirin. Da yayyafi kogi kan cika.

Ita kuwa baiwar Allah da muka fara da labarinta, har yanzu tana nan tana sana'arta, sai dai duk takardar da aka miƙo mata takan naɗe ta a bakin zane ta kai gida, ta jira jikanta ya dawo daga lakwal. Ranar da yaron ba ya nan, ciniki ya tsaya. Irinta suna da yawa, kuma ba sadaka suke nema ba, wuri suke so da lokaci da malamin da zai girmama furfurarsu. Muna fata kafin ranar 8 ga Satumba mai zuwa, wadda ita ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya, za mu ji cewa shugabanninmu na kasuwa sun zauna da hukuma a kan wannan batu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a iyakokinmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya kuma ba mu ilimi mai amfani, amin.